Ɗaya da Uku: Matsayin Musulunci da Yahudanci kan Aƙidar Triniti, da Yadda Kalmomin Hausa Suke Ɗaukarta a Ƙasar Ƙonni

0. Gabatarwa

A bakin Bahaushe akwai sunaye biyu da ba su cika rabuwa ba, wato Yahudu da Nasara. Mai wa'azi yana faɗin su tare, mai tafsiri yana faɗin su tare, har yaro ya tashi yana zaton jama'a guda ce mai aƙida guda. Amma idan aka zo kan tambayar ta wace fuska Allah yake ɗaya, sai a tarar Bayahude ba ya gefen Kirista, ya fi kusa da Musulmi. Idan kuma aka koma kan Annabi Isa, wanda Kirista suke kira Yesu, sai jerin ya sake: Musulmi ya yarda cewa shi ne Almasihu, kuma an haife shi ba tare da uba ba, alhali Yahudanci bai karɓi ko ɗaya daga cikin biyun ba.

A cikin wannan takarda za mu bayyana yadda Musulunci da Yahudanci suke kallon aƙidar Triniti, sa'an nan mu auna kalmomin da ake wannan muhawara da su a Hausa. Ba aikinmu ba ne yanke hukunci tsakanin addinai. Abin da muke son nunawa shi ne, saɓanin na gaske ne, ba ya gushewa don an gyara fassara. Sai dai kalmomin Hausa da ɓangarorin suke tarayya a kansu sukan ƙara masa wani saɓani na biyu wanda ba na aƙida ba ne, na harshe ne. Wannan na biyun shi ne hurumin mai nazarin harshe.

1. Dalilin zaɓen wannan yanki

Gundumomin Birnin Ƙonni, Malbaza da Illela suna cikin jihar Tawa. Ƙasa ce ta tsohon karatu. A Ƙonni kakannin Toronkawa suka zauna bayan tasowarsu daga Futa Toro, kuma a Maratta, kusa da Galmi, aka haifi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a 1754. A wannan Galmi ɗin, wadda duniya ta sani da albasa, mishan ta SIM ta buɗe asibiti a 1950, bayan ta kafu a Damagaram da Tsibiri cikin shekarun 1920. Tun daga lokacin marasa lafiya suke zuwa daga Adar, Gobir, Ƙonni har da Sakkwato, kuma akasarinsu Musulmi ne. A nan mutum kan ji Linjila da Hausa, da kalmomin da ya saba ji a makarantar allo: Allah, Ubangiji, Ruhu, Almasihu, zunubi, tuba, aljanna ko sama.

Ƙidayar jama'a ta 2012 ta nuna Musulmi sun haura kashi 99 cikin 100 na mutanen Nijar, Kirista kuwa ba su kai kashi 1 ba. Ke nan Kiristan yankin, ko haifaffen wurin ne ko baƙo mai aiki ko fatauci, yana zaune ne tsakanin maƙwabta waɗanda suka san aƙidarsa daga bakin malaminsu, ba daga bakinsa ba.

Sunan Nasara kansa ya canza ma'ana. A Larabcin Alƙur'ani yana nufin mabiya addinin Kirista. A Hausa, bayan zuwan Turawa, wanda Birnin Ƙonni ta ɗanɗani zafinsa a 1899 lokacin da rundunar Voulet da Chanoine ta rushe ta, Nasara ko Annasara ya koma nufin Bature mai mulki. Shi ya sa Bahaushe Kirista bai cika kiran kansa Nasara ba.

Yahudawa kuwa ba su da wata al'umma a yankin. Saninsu ya zo ta tafsiri, ta ƙissoshin annabawa, da labaran rediyo. Ko a tarihi, abin da ya iso ƙasar Hausa game da su ya biyo ta hannun mutane irin su Shehu Magili, wanda ya zo Kano da Katsina a ƙarshen ƙarni na 15 bayan rigimarsa da Yahudawan Tuwat a Sahara. Saboda haka muryar Yahudanci ita ce wadda ba a ji ba a wannan muhawara, kuma dalilin da ya sa muka ba ta fili ke nan.

2. Abin da Kirista suke nufi da Triniti

Kafin a ji masu suka, wajibi ne a faɗi aƙidar yadda masu ita suke faɗinta. Kirista ba sa cewa alloli uku ne. Suna cewa Allah ɗaya ne a zatinsa, kuma wannan zati ɗaya yana nan tun azal a matsayin Uba, da Ɗa, da Ruhu Mai Tsarki. Kowane cikakken Allah ne, ba sulusin Allah ba, amma Uban ba shi ne Ɗan ba, Ɗan ba shi ne Ruhun ba.

Kalmar Triniti ba ta cikin Littafi Mai Tsarki. Tertullien, mutumin Kartaj ta Tunisiya ta yau, shi ne ya shahara da fara amfani da ita a harshen Latin a farkon ƙarni na 3. Ayoyin da aka gina aƙidar a kansu sun haɗa da Matiyu 28:19, inda aka jera sunayen uku wajen baftisma, da farkon Linjilar Yahaya, inda aka kira Yesu Kalma. Taron manyan limaman ikilisiya na Nikiya, a 325, ya yanke cewa Ɗan zatinsa ɗaya da na Uban, kuma ba halitta ba ne. Taron Kustantiniya na 381 ya tabbatar da matsayin Ruhu Mai Tsarki. Da Girkanci aka tsara maganar: ousia ɗaya, hypostasis uku. Latin ta ce substantia ɗaya, persona uku. Kiristocin da ke magana da Larabci suka ce jauhar ɗaya, uƙnum uku, kalmar da suka aro daga Suryananci.

Abin lura shi ne, tun can masu aƙidar sun san kalmomin ba su wadatar ba. Augustin, limamin Hippone, wato Annaba ta Aljeriya, wanda ya rasu a 430, ya amsa cewa an ɗauki kalmar persona ne don kada a rasa abin faɗi idan aka tambaya uku na mene ne, ba don ta ƙunshi gaskiyar duka ba.

3. Matsayin Musulunci

3.1. Nassin Alƙur'ani

Musulunci ya zo bayan waɗannan tarurruka da kusan shekara 300, don haka Littafinsa ya yi magana kai tsaye a kan batun. Aya ta 171 ta Suratun Nisa'i ta hana ma'abota Littafi wuce iyaka a addini, ta hana su faɗin uku, ta kuma tsarkake Allah daga samun ɗa. Aya ta 73 ta Suratul Ma'ida ta kafirta masu cewa Allah na ukun uku ne. Suratu Maryam ta nuna Isa yana kiran kansa bawan Allah tun yana jariri, ta kuma bayyana girman laifin jingina wa Allah ɗa. Suratul Ikhlasi, wadda kusan kowane yaro ya haddace kafin ya iya wanke allonsa, ta kore haihuwa daga Allah ta fuska biyu: bai haifa ba, ba a haife shi ba.

Sai dai ayar Nisa'i ɗin nan ita ce kuma ta kira Isa kalmar Allah da ruhu daga gare shi. Malaman tafsiri sun ce an kira shi kalma ne domin an halicce shi da umarni kawai, ba da uba ba, kamar yadda aya ta 59 ta Ali Imrana ta kwatanta shi da Adamu. Jingina ruhun ga Allah kuwa, a wurinsu, jinginawar girmamawa ce, irin ta Ɗakin Allah da ke Makka.

3.2. Su wane ne ukun?

Duk wanda ya tattauna da ɗaliban ilimi a Ƙonni ko Illela zai ji da yawansu suna cewa Kirista sun ɗauki Allah da Isa da Maryamu alloli uku. Wannan ba ƙirƙirarsu ba ce. Tafsirin Jalalaini, wanda shi ne aka fi karantawa a tafsirin watan azumi a ƙasar Hausa, haka ya fassara ukun a Nisa'i da Ma'ida, yana dogara ga aya ta 116 ta Ma'ida, inda aka tambayi Isa ko shi ya ce a riƙe shi da mahaifiyarsa alloli. Wannan sashe na tafsirin Suyuɗi ne ya rubuta shi, wanda ya rasu a 1505, kuma sananne ne a ƙasashenmu tun yana da rai, domin ya yi wasiƙa da sarakunan Katsina da Agadas.

Amma Suyuɗi da kansa ya ce masu wannan magana ƙungiya ce daga cikin Nasara, ba dukkansu ba. Baidawi kuma, a ƙarni na 13, ya kawo fuska ta biyu: uƙnumai uku, Uba da Ɗa da Ruhu, da ake nufin zati da ilimi da rayuwa da su. Wannan ita ce aƙidar manyan ikilisiyoyi. Babu Katolika ko ɗan ikilisiyar bishara a Nijar da ke lissafa Maryamu cikin Triniti. Idan aka tuhumi Kiristan Galmi da haka, zai ce ba shi ake nufi ba, kuma gaskiyarsa. Musulmin kuma zai ɗauka ɓoyewa yake yi. Nan ne zance kan mutu tun bai fara ba.

3.3. Hujjar malaman tauhidi

Malaman da suka zauna da Kirista a Bagadaza da Andalus sun san ainihin aƙidar, kuma ita suka mayar wa martani. Wajen 781 halifa Mahdi ya yi muhawara da Timotawus na ɗaya, shugaban Ikilisiyar Gabas, wanda ya kwatanta Triniti da rana da haskenta da zafinta. Bayan haka Abu Isa Alwarraƙ, Baƙillani, Ibnu Hazmi, Ƙarafi Bamalike da Ibnu Taimiyya duk sun yi rubutu a kan batun.

Kiristocin Larabawa sun bayyana uƙnumai da cewa Allah samamme ne, mai rai ne, mai magana ko mai ilimi ne. Malaman Musulunci suka ce: in sifofi ne, me ya sa aka tsaya a uku? Ina iko, ina nufi, ina ji da gani? In kuma ba sifofi ba ne, abubuwa ne masu tsayuwa da kansu, to an sami yawa a cikin zati. Wanda ya karanta Ummul Barahina ta Sanusi, malamin Tilimsan da ya rasu a 1490, zai gane wannan hujja nan take, domin a makarantun zaure da ita ake koyar da sifofi ashirin, kuma an fassara kaɗaituwa da cewa Allah ba shi da na biyu a zati, da sifofi, da ayyuka, kuma zatinsa ba haɗaɗɗe ba ne daga sassa. Kirista za su amsa cewa su ma ba su yarda da sassa ba. Taron Laterano na huɗu, a Roma a 1215, ya ma bayyana cewa shi zatin Allah ba ya haifa, ba a kuma haifarsa; haihuwar dangantaka ce tsakanin Uba da Ɗa. Malamin tauhidi zai ce wannan rarrabewa tsakanin zati da uƙnum ita ce ainihin abin da bai karɓa ba. A nan saɓanin gaskiya yake.

Su ma Kirista sun mayar da tambaya. Yuhanna na Dimashƙa, a ƙarni na 8, ya ce: in Isa kalmar Allah ne, kalmar Allah halitta ce ko ba halitta ba? Tambayar ta taɓa wata muhawara ta cikin gida, domin lokacin da halifa Ma'amun ya tilasta aƙidar halittar Alƙur'ani a 833, ya zargi masu cewa ba halitta ba ne da kama da Nasara a maganarsu kan Isa.

3.4. Hukuncin zama tare

Ta fuskar aƙida, malamai sun kira Triniti shirka. Amma ta fuskar fiƙihu ba a sa Kirista a sahun masu bautar gumaka ba. Ma'abota Littafi ne. Aya ta 5 ta Ma'ida ta halatta abincinsu da auren matansu, kuma Risala ta Ibnu Abi Zaidi, wadda ta buɗe da kore ɗa da abokin tarayya daga Allah, ita ce kuma ta tabbatar da wannan halacci. An ruwaito Abdullahi ɗan Umar ya ƙi irin wannan aure saboda yana ganin shirka ce bayyananniya, amma jumhuru ba su bi shi ba. Ke nan an raba hukuncin magana da hukuncin mai maganar. Za mu ga irin wannan rabewa a Yahudanci.

4. Matsayin Yahudanci

4.1. Tushe

Littattafan Yahudawa sun riga Yesu, don haka ba su ambaci Triniti ba. Tushen ƙin nasu shi ne Maimaitawar Shari'a 6:4, ayar da ake kira Shema, wadda Bayahude mai ibada yake karantawa safe da yamma, kuma ita ce shaidar kaɗaituwar Ubangiji. Suna ƙarawa da Littafin Ƙidaya 23:19, da ta ce Allah ba mutum ba ne. Kirista ma suna riƙe da Shema, domin a Markus 12:29 Yesu ya sa ta gaba da dukkan dokoki. Saɓanin yana kan ma'anar kalmar ehad, ƴar'uwar ahad ta Larabci. Masu wa'azin Kirista sukan ce tana iya nufin haɗaɗɗen ɗaya, kamar yadda aka kira miji da mata jiki ɗaya a Farawa 2:24. Malaman Yahudawa suna cewa lamba ce kawai, ɗaya da ba biyu ba.

Wani bambanci da Musulunci ya cancanci a tsaya a kansa. Yahudanci bai ƙi kalmar ɗa ba. A Fitowa 4:22 an kira Isra'ila ɗan farin Allah, a Zabura 2 an kira sarki ɗansa. Amma a wurinsu aron magana ne mai nufin zaɓi da kusanci, ba tarayya a zati ba. Musulunci kuwa ya rufe ƙofar kalmar gaba ɗaya. Aya ta 18 ta Ma'ida ta zargi jama'un biyu da kiran kansu ƴaƴan Allah. Game da aya ta 30 ta Tauba, wadda ta ce Yahudawa sun kira Uzairu ɗan Allah, malaman tafsiri da yawa sun ce maganar wasu ƴan kaɗan ce, kuma Yahudanci bai san ta a matsayin aƙidarsa ba.

4.2. Malaman da suka rubuta da Larabci

Manyan masu sukar Triniti a cikin Yahudawa sun rayu ne a ƙasashen Musulmi, kuma da Larabci suka rubuta. Sa'adiya Gawon, haifaffen Fayyum ta Masar, ya kammala littafinsa na aƙida a Bagadaza a 933. Ya ce kuskuren ya samo asali ne daga harshe: hankali yana gane cewa Mahalicci mai rai ne, mai iko ne, masani ne a lokaci guda, amma harshe ba shi da kalma ɗaya da za ta ɗauki ukun, sai ya furta su ɗaya bayan ɗaya, har wasu suka zaci yawan kalmomi yawan zati ne.

Musa ɗan Maimun, wanda Turawa suke kira Maïmonide, an haife shi a Ƙurɗuba, ya rasu a Masar a 1204. Ya hukunta cewa Musulmi ba masu bautar gumaka ba ne ko kaɗan, tauhidinsu ba shi da aibi, amma ya sa ibadar Kirista cikin bautar wanin Allah. Duk da haka ya halatta a koya wa Kirista Attaura, domin sun yarda da nassinta yadda yake, abin da bai halatta ga Musulmi ba saboda suna cewa an jirkita ta. Har yau malaman Yahudawa da yawa suna halatta shiga masallaci, suna hana shiga majami'a.

4.3. Shittuf

Yahudawan Turai, da suke zaune tsakanin Kirista, tambayar ta zo musu ta hanyar kasuwa. Talmud ya hana haɗa jari da mai bautar gumaka, don kada rigima ta kai ga ya rantse da abin bautarsa. Malaman arewacin Faransa na ƙarni na 12, waɗanda babbansu shi ne Rabbenu Tam, suka ce Kirista idan ya rantse Mahaliccin sama da ƙasa yake nufi, ko da ya haɗa da wani suna, kuma ba a hana wa wanda ba Bayahude ba irin wannan haɗawa ba. Suka kira ta shittuf. Musa Isserles na Polan, wanda ya rasu a 1572, ya shigar da wannan cikin hukuncinsa. Wasu malamai sun taƙaita sassaucin ga rantsuwa kawai, wasu suka faɗaɗa shi har ga ibada. Menahem Meiri na Perpignan, a ƙarshen ƙarni na 13, ya wuce nan: ya ce Kirista da Musulmi al'ummu ne masu bin ƙa'idojin addini, hukuncin masu gumaka bai hau kansu ba.

Shittuf da shirk ba saiwarsu ɗaya ba, amma ma'anarsu ta asali ɗaya ce, wato haɗin gwiwa na ƴan kasuwa; daga saiwar shirk ne Larabci ya sami sunan kamfani. Bambancin shi ne, Musulunci ya ɗora wa kowane ɗan Adam tauhidi iri ɗaya, Yahudanci kuwa, a ra'ayin masu sassauci, ya tsananta wa Bayahude, ya sassauta wa waninsa.

5. Kalmomin Hausa

Cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito a 1932, kuma Walter Miller na mishan ta CMS a Zariya yana cikin manyan masu fassararsa. Wannan fassara ta ce Yesu Kristi. Sabuwar da ta shiga hannun jama'a a farkon shekarun 1980 ta ce Yesu Almasihu, ta matso kusa da kalmar da Musulmi suka sani. Matsowar tana sauƙaƙa ji, amma ba ta daidaita ma'ana ba. Ga misalai biyar.

(a) Ɗa. Larabci yana da walad, mai nuni ga haihuwa ta jiki, da ibn, wanda ke karɓar aron magana, kamar yadda ake kiran matafiyi ɗan hanya. Hausa kalma ɗaya gare ta. Tana aronta sosai: ɗan Ƙonni, ɗan kasuwa, ɗan sanda, ƴaƴan itace. Amma aron yana aiki ne idan abin da ya biyo baya wuri ne ko sana'a ko wani abu. Idan suna ne na mai rai, kamar ɗan Musa, kunnen Bahaushe haihuwa yake ji, da uwa da aure. Kirista ba haka yake nufi ba, amma haka ginin jimlar yake kaiwa. Bugu da ƙari, ɗa a Hausa kishiyar bawa ne; daga nan aka sami ƴanci, da ɗiyauci a karin harshen yamma. Ke nan Ɗan Allah da bawan Allah suna karo a Hausa ta fuska biyu, ta nasaba da ta matsayi.

(b) Mahaɗi. Ƙaramin harafin nan -n shi ke ɗaukar mallaka a ɗakin Allah, sifa a ikon Allah, da nasaba a Ɗan Allah. Idan aka ce Ruhun Allah ko Kalmar Allah, nahawu ba ya faɗin wace ce daga cikin ukun. Musulmi yana jin mallaka da girmamawa, Kirista yana jin zati.

(c) Ruhu Mai Tsarki. Saiwoyin kalmomin biyu ɗaya ne a Larabci da Ibrananci. Ga Musulmi, Ruhul Ƙudusi Mala'ika Jibrilu ne. Ga Bayahude, ruwah ha-ƙodesh shi ne hurewar da Allah ke yi wa annabawa, ba wani mai zaman kansa ba. Ga Kirista, Allah ne. Suna ɗaya, abin nufi uku.

(d) Uku na mene ne? Faransanci ya gaji personne daga Latin. Idan aka mayar da ita mutum, an faɗi abin da babu Kiristan da ya yarda da shi, domin mutum a Hausa ɗan Adam ne mai jiki. Shi ya sa akan kauce a ce Uku cikin Ɗaya ko Ɗaya cikin Uku. Na biyun yana da tarko: a lissafin Hausa, ɗaya cikin uku shi ne sulusi, ko guda daga cikin abubuwa uku, wato daidai da maganar da Ma'ida ta kore, wadda kuma taron Nikiya bai faɗa ba.

(e) Jam'in girmamawa. Akan kafa hujja da Farawa 1:26, inda Allah ya yi magana da mu, da kuma sunan Elohim mai siffar jam'i. Malaman Yahudawa sun ce girmamawa ce, ko magana da mala'iku, kuma aikatau da ke bin Elohim kusan kullum tilo ne. Alƙur'ani ma yana amfani da mu ga Allah. Bahaushe ba ya bukatar dogon bayani a nan: sarki yakan ce mun ji, mun gani, shi kaɗai a kan karaga, kamar yadda mai wannan takarda yake cewa mu.

6. Kammalawa

Musulunci da Yahudanci sun haɗu a kan cewa kaɗaituwar Allah ba ta karɓar uƙnumai, kuma Allah ba ya zama mutum. Sun rabu a kan Isa, a kan halaccin kalmar ɗa a matsayin aron magana, da kuma a kan wanda aka ɗora wa tsantsar tauhidi. Dukansu biyu kuma, bayan sun ƙi aƙidar, sun sama wa mai ita wurin zama a shari'arsu, ɗaya da sunan ma'abota Littafi, ɗaya da sunan shittuf.

Wannan ba zancen littafi kawai ba ne. A ranakun 16 da 17 ga Janairun 2015 an ƙone majami'u da dama a Damagaram da Yamai, aka yi hasarar rayuka, bayan zanen ɓatanci na wata jaridar Faransa wadda ba ta Kirista ba ce. Ba Triniti ce ta jawo ba, amma sunan Nasara da ya haɗe Bature da maƙwabci Kirista a kalma ɗaya bai taimaka ba. Littattafan sira sun ruwaito cewa tawagar Kiristocin Najran ta zo Madina wajen shekara ta 10 bayan hijira, aka yi jayayya a kan Isa, ba wanda ya sauya aƙida a zaman, aka rabu da yarjejeniya.

Aikin da ya rage mana shi ne na ƙamus. Ana bukatar tattara kalmomin addini da Musulmi da Kirista suke tarayya a kansu a karin harshen Ƙonni da Adar, a rubuta wa kowace ma'anarta a kowane ɓangare, tare da asalinta na Larabci, Girkanci ko Ibrananci. Muna ba ɗalibai masu neman batun bincike shawara su fara da kalmomi biyar ɗin da muka kawo, su ɗauki magana daga bakin masu tafsiri da masu wa'azin majami'a, su kwatanta. Ƙamus ba zai daidaita aƙidu ba, amma zai sa mai jayayya ya san abin da abokin zancensa ya faɗa kafin ya ba shi amsa.